Tambayoyinku: Oga, manhajar da kake cin abinci da ita wa ke gyara ta?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sanyi, mutanen Jos dai an shiga lokacin riga biyu-biyu da shayi sau huɗu a rana. Wannan makon saƙo uku na ɗauko duk a kan abu guda, wato manhajojin nan da masu su ke barin kod ɗinsu, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, a buɗe kowa ya ɗauka ya duba ya gyara ya yi kasuwanci da shi, waɗanda samarinmu ke ce wa ofin sos. Na farkon ya ɗan ja ni da nisa, ku yi haƙuri da ni.

TAMBAYA TA 1

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan kamfani a Ahmadu Bello Way nan Jos, muna yi wa makarantun kuɗi fotal na duba sakamako da biyan kuɗin makaranta, da wabsait na otal-otal da sauransu, mu bakwai ne har da ni. Kusan komai da harshen rubuta kod na PHP da manhajojin gina shafuka irin su Laravel da WordPress muke yi kuma ban taɓa biyan ko sisi na lasisi ba alhamdulillahi. To akwai wani yarona mai ƙwazo wallahi ba na raina aikinsa, shi ne ya zo mini da maganar wai in bar masa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya riƙa gyara kod ɗin mutanen da suka yi waɗannan abubuwan yana tura musu kyauta, har wai mu riƙa aika musu ɗan kuɗi duk wata. Malam ni da ke fama da kuɗin dizal da data da albashi, in biya yaro ya je ya yi wa Turawa aikin banza? Su suka ce kyauta ne ai, ban roƙe su ba. Shin doka ce ta ce dole, ko kuwa iyayi ne irin na yaran yanzu?

Daga wani mai kamfani, Jos

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da doka don hankalinka ya kwanta, ba dole ba ne, babu wanda zai aiko maka da sammaci don ba ka tura wa masu Laravel kuɗi ba. Laravel lasisin MIT gare shi, abin da yake cewa a taƙaice shi ne ɗauka ka yi yadda ka ga dama har ka sayar, kawai kar ka goge sunan masu shi da takardar lasisin daga cikin kod ɗin. WordPress kuma GPL ne, shi yana da ɗan sharaɗi, in ka gyara shi ko ka gina wani abu daga jikinsa sannan ka miƙa wa wani, kwastoma ne ko ma waye, to wanda ka bai wa yana da haƙƙin ya karɓi kod ɗin shi ma a kan wannan lasisin. In kuwa a sabarka, wato kwamfutar da shafinka ke kai, kaɗai yake zaune kana aiki da shi ba ka raba wa kowa ba, GPL ba ta ce ka fitar da komai ba. Akwai ƙanwarta AGPL da ta fi ta tsanani, ita ko ta intanet kawai mutane ke amfani da abin da ka gyara sai ka ba su kod, don haka ka sa yaranka su riƙa duba lasisin duk abin da za su jawo cikin aiki kafin su jawo shi.

Doka kenan. Amma kalmar nan ta "aikin banza" ita ce ba zan bari ta wuce ba Alhaji.

A watan Afrilun 2014 aka gano wani rami, wato kuskuren da ɓarayin intanet za su iya shiga ta cikinsa, a OpenSSL, manhajar da ke ɗaure wa ɗimbin shafukan intanet gindi wajen ɓoye kalmar sirri da lambar kati, irin ɗan kwaɗon nan da kake gani kusa da adireshin shafi. Aka sa wa ramin suna Heartbleed. Duniya ta rikice, bankuna da manyan kamfanoni kowa na ta canza makullai, sai da ƙura ta lafa aka waiwaya aka ga ashe gudummawar kuɗin da ke shigar wa masu kula da OpenSSL ɗin a shekara guda kusan dala 2,000 ce kacal, kuma mutum ɗaya ne tak yake aikin a matsayin cikakkiyar sana'a. Kamfanonin da ke samun biliyoyi a kan wannan kod ɗin duk irin tunaninka suka yi, su suka ce kyauta ne. A Disambar 2021 aka sake maimaitawa da wata manhajar ofin sos mai suna Log4j, 'yan sa kai ƙalilan suka kwana ba barci suna toshe ramin da ya shafi rabin duniya, ana ta zaginsu a kan abin da ba a biya su ko kobo ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na xz a watan Maris na 2024. Wannan wata 'yar manhaja ce ta matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows amma na ofin sos, har da sabar da fotal ɗinka ke kai in Linux ce, kuma mai yiwuwa ita ce. Mutum guda, Lasse Collin, shi ya yi shekaru yana riƙe da ita ba albashi, har ya fito ya ce ya gaji kuma a tuna fa wannan aikin sa kai ne. Sai wani da ke kiran kansa Jia Tan ya bayyana yana taimakawa, gyara kaɗan yau gyara kaɗan gobe, sama da shekara biyu yana lallaɓawa, wasu kuma ta gefe suna ta matsa wa mai abin lamba wai ya yi jinkiri ya ba wani dama, har dai aka ba shi makullin ɗaki. Da ya samu sai ya dasa ɓarauniyar hanya da za ta ba shi damar shiga sabobin mutane. Ka san yadda aka gano abin? Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura shiga sabarsa ta SSH, hanyar da ake shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kamar rabin daƙiƙa, rabin daƙiƙa fa, ya ce a'a ruwa ba ya tsami banza, ya bi diddigi har ya tono abin kafin ya bazu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ba a kod take ba, gajiyar mutum ɗaya ce da kowa ke ci a kansa ba mai kama masa.

Mu mutanen Filato bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Ka je Bukuru ko Barikin Ladi ko nan Rayfield ka ga ramukan kuza da suka zama tafkuna, kamfanoni suka zo suka haƙa suka kwashe suka tafi, ramin kuma aka bar wa 'yan gari. Na san misalin bai zauna daidai ɗari bisa ɗari ba, don shi kod ko mutum miliyan ya kwafa ba ya raguwa, ba kamar kuza ba. Abin da ke ƙarewa shi ne mutanen da ke bayansa, lokacinsu da lafiyarsu da haƙurinsu.

To amma na san ɗan kasuwa ba a shawo kansa da tausayi kaɗai, bari mu yi lissafi. Ka tambayi yaron nan sau nawa wani fulogin, irin 'yan ƙarin da ake maƙala wa manhaja, ya ƙi karɓar suna irin Sa'adatu ko Mu'azu saboda ɗan waƙafin nan na sama, ko ya mayar da ƙ da ɗ alamar tambaya a takardar sakamako, ko ya ƙi lambar waya don ta fara da 080, ko alamar naira ta fito kamar akwati. Na tabbata ya gyara irin wannan ba sau ɗaya ba. Ina gyaran yake zaune? A kwafinku kaɗai. Ranar da masu abin suka fitar da sabon afdet kuka ɗora, gyaran ya shafe, sai a sake yi, ko kuma abin da ya fi muni ku daina yin afdet ɗin gaba ɗaya don tsoron kar ya ɓata muku aiki, ku zauna a kan tsohon kod mai ramuka da sunayen ɗaliban mutane da lambobin iyayensu a ciki. In kuwa ya tura gyaran can wajen masu abin suka karɓa, shikenan ya zama nasu, duk afdet da zai fito da gyaranku zai zo, su za su ci gaba da ɗawainiyarsa ba ku ba. Wannan ai ba sadaka ka yi ba, kaya ka sauke daga kanka.

Sannan duk gyaran da ya tura, sai wasu da suka shekara goma sha suna wannan aikin sun duba shi layi-layi sun ce nan ba haka ba, can sake, rubuta masa gwaji. Nawa za ka biya a horar maka da yaro irin wannan horon? Kuma abin da ya koyo can ranar Litinin a fotal ɗinka zai zuba shi.

Ba zan ɓoye maka ba akwai hatsari guda, in sunansa ya fito a GitHub, shafin da masu rubuta kod ke ajiye aikinsu, wani kamfanin Legas ko na waje zai iya gani ya ɗauke maka shi da albashin dala. Gaskiya ne. Amma yaro mai irin wannan zuciyar in ka hana shi da rana zai yi da dare da datarsa, sunan zai fita dai, bambancin kawai sunan kamfaninka ba zai kasance kusa da nasa ba kuma zai tafi yana jin haushinka. Ni da na zaɓa gara a ce a Jos akwai wani kamfani da yaransa ke da hannu a Laravel, irin wannan maganar ita ke kawo wani yaron mai ƙwazo ƙofarka in wannan ya tafi.

Batun Turawa kuma, Alhaji ka rage. Chakra UI da masu gina shafuka ke amfani da ita a ƙasashe da yawa ɗan Najeriya ne ya fara ta, Segun Adebayo. Ubuntu, wani nau'in Linux, mutumin Afirka ta Kudu ne ya kafa ta a 2004, ERPNext ta lissafin kasuwanci 'yan Indiya ne suka yi ta. Akwai ƙungiyar Open Source Community Africa da Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa, har biki suke yi a Legas. Aikin gayya ne, kuma gonar da ake nomewa kai ma kana ci daga cikinta. Su manyan ma ba don Allah suke yi ba, IBM ta sayi Red Hat a kan dala biliyan 34 a 2019, kamfanin da kasuwancinsa kacokan a kan Linux yake, ita kuwa Microsoft da shugabanta na lokacin Steve Ballmer ya kira Linux ciwon daji a 2001, ita ce ta dawo ta sayi GitHub dala biliyan 7.5 a 2018. Sun yi lissafi ne suka ga inda riba take.

Nawa za ka bayar? A 2014 Matt Mullenweg na WordPress ya yi kira ga kamfanonin da ke cin abinci da WordPress su ware kashi 5 cikin ɗari na ƙarfinsu su mayar wa aikin. Kashi 5 na awa 40 a mako awa 2 ne. Ka ga kenan yaronka bai ma yi zari ba, daga saukowa masallaci zuwa la'asar ne, lokacin da dama ni da kai mun san ba wani aikin kirki ake yi a ofis ba. Sharaɗin da zan ce ka gindaya masa guda ne, ya fara da abubuwan da kuke amfani da su kullum, ba duk abin da ya burge shi ba, kuma ƙarshen wata ya nuna maka abin da ya tura da wanda aka karɓa. Kuɗi kuwa, akwai alƙawarin da kamfanin Sentry ya jagoranta a 2024 na biyan dala 2,000 a shekara a kan kowane mai rubuta kod da kamfani ke da shi, wannan ba na irinmu ba ne a wannan canjin dalar, kar ma ka kalle shi. Amma akwai gidauniyar PHP da aka kafa a ƙarshen 2021 tana biyan masu gyara harshen kansa, tana karɓar gudummawa ta shafin tara kuɗi na Open Collective komai ƙanƙantarta, akwai kuma GitHub Sponsors, hanyar tura wa masu kod tallafi ta GitHub. Dala 5 ko 10 a wata in katinka na wucewa, ka rubuta shi a littafin kashe kuɗi kusa da dizal, don wurinsa kenan. In kuɗin ba zai yiwu ba yanzu bar shi, awa biyun nan ta fi shi daraja.

TAMBAYA TA 2

Malam barka da aiki. Ni ina da kemis guda biyu, ɗaya a Bukuru ɗaya wajen Farin Gada, ɗan yayata ne ya saka mana ERPNext muna lissafin kaya da ciniki da shi, yana ma nuna mana maganin da ya kusa eksfaya, wallahi ya rage mana asara sosai. Shi ne yake ce mini wai kyauta ne amma ya kamata mu ma mu mayar da wani abu. Ni ko kunna kwamfutar sai an taya ni, me zan mayar?

Daga wata 'yar kasuwa, Bukuru

AMSA

Hajiya ɗan yayar nan naki ya yi gaskiya, kuma abin da ke hannunki masu kod ɗin ba su da shi. Su suna Mumbai, ba su taɓa tsayawa a bayan kanta a Bukuru wuta ta ɗauke kwastoma biyar na jira ba. Duk ranar da abin ya yi wani shirme, rasit ya fito ba daidai ba ko lissafin kwali da na sachet ya rikice, kar yaran shago su tsaya ga tsaki su rubuta a takarda su wuce. A ɗauki hoton sikirin, a rubuta me aka danna kafin ya faru, a ba ɗan yayarki ya kai musu rahoto, amma a rufe sunan kwastoma da maganin da ya saya kafin a tura. Rahoto mai kyau guda ɗaya yana rage musu aikin kwana biyu.

Na biyu Hausa. Yawancin waɗannan manhajojin suna da ƙofar fassara a buɗe, kowa zai iya shiga ya juya kalmomin zuwa harshensa, kuma Hausa a mafi yawansu ko dai babu ko kuma rabi da rabi, wani wurin ma fassarar inji ce da in kin karanta sai kin yi dariya. Ke kin san yadda ake cewa bashi da ragi da sari da kayan da suka kwana a bakin 'yan kasuwa, ki zauna da shi awa ɗaya ranar Lahadi ki riƙa faɗa yana rubutawa. Akwai ma Common Voice na Mozilla inda mutum ke karanta jimlolin Hausa a waya don a koya wa na'ura jin harshenmu, muryoyin mata ana nemansu, yaran shagonki za su iya yi lokacin da ba ciniki.

Na uku kuma kar ki ji nauyin maganar, ki biya ɗan yayar nan. Na san ɗa ne, amma in kina ba shi kuɗin kula da abin duk wata kamar yadda kike biyan mai gyaran janareta, shi ne zai samu sukunin zama ya yi waɗancan biyun. Ki kuma bar shi ya kawo masu shaguna 'yan uwanki su ga yadda yake aiki a wurinki.

TAMBAYA TA 3

Yallaɓai ni tsorona ɗaya ne. Na yi wata takwas ina rubuta manhajar da dillalan dankalin Turawa ke bin kayansu da ita daga Bokkos da Mangu zuwa kasuwa. In na buɗe kod ɗin gobe wani a kasuwar Terminus ta Jos zai kwafa ya canza kala ya sa sunansa ya karya farashi. Ba kashe kai ba ne wannan?

Daga wani matashi, Anguwar Rogo

AMSA

Ƙanena wa ya ce ka buɗe duka? Babu wanda ya ce. Mai tuwo ba ta ba da sirrin miyarta amma ba ta hana a san inda ake sayen itace. Ka duba manhajar taka da kyau za ka ga kashi biyu ce, akwai abin da ya sa dillalai ke biyanka, yadda ka fahimci lissafin buhu da kuɗin mota da la'ada da wanda ya ci bashin wa, wannan naka ne ka rufe shi ka sa kwaɗo. Sannan akwai tarkacen da kowa sai ya rubuta, jerin jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, tantance lambar wayar Najeriya, juya adadi zuwa kalmomin Hausa a rasit, adana bayani a waya in netwok ya ɗauke a hanyar Bokkos har ya dawo. Wannan ba shi ke kawo maka kwastoma ba, kuma in ka fitar da shi wasu suka ɗauka su za su riƙa gano maka kurakuransa. In ma ba ka shirya fitar da naka ba, gyara na waɗanda ka ɗora aikinka a kansu ya wadatar, ko ka hau OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, ka zana hanyoyin ƙauyukan da direbobinka ke bi waɗanda ba su kan taswira, kai za ka fara morar su.

Mai kwafa kuma, in zai kwafa ko bai ga kod ba zai kwafa, kallon sikirin ɗinka ya ishe shi. Abin da ba zai iya kwafa ba shi ne dillalan sun san lambarka kuma kana ɗauka ƙarfe biyar na asuba in mota ta maƙale.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai da ƙarfi, kafin ka ɗora komai a GitHub ka tsefe shi tsaf. Samari da yawa sun ɗora kod da kalmar sirrin rumbun bayanai da makullin kamfanin karɓar kuɗi a ciki, kuma akwai injuna da aikinsu kenan dare da rana suna shara suna neman irin wannan, cikin mintuna za a ɗauke. Gogewa daga baya ba ta isa ba don tarihin kod ɗin yana riƙe da shi, in ya riga ya fita sai dai ka canza makullin gaba ɗaya. Sunayen dillalai da lambobinsu da cinikinsu kuwa kar su kusanci wurin ko da sunan gwaji ne, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ta hau kanka kai ma duk ƙanƙantar kamfaninka. Ka kuma saka fayil ɗin lasisi, don kod ɗin da aka ɗora ba lasisi a doka ba a ba kowa izinin amfani da shi ba ko da yana a fili. In kana so duk wanda ya gyara ya raba shi ma dole ya buɗe nasa, ɗauki GPL. In ba ka damu ba, MIT.

Wanda ya aiko tambaya daga Kubwa a kan laftof ɗin da ke mutuwa da an cire caja, na gani, mako mai zuwa in Allah ya kai mu, amma kafin nan ka turo mini sunan samfurin da shekarar da ka saye shi.